"Malam, a Duba Mini": Ladabin Neman Ƙarin Maki a Jami'a

Makon da aka liƙa sakamakon jarrabawa a allon sanarwa, ko aka sake shi a shafin intanet na makaranta, shi ne makon da barandar ofisoshin malamai ta fi cika. Ko a Samaru ne, ko a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, ko a Dundaye ta Sakkwato, ko a Maiduguri, abin da ido zai gani ɗaya ne: ɗalibai sun jingina da bango, wasu da takarda a hannu, wasu sai latsa waya, kowa na jiran ƙofa ta buɗe. Wannan ya sami 39 inda 40 zai fisshe shi. Waccan ta sami 59, maki ɗaya ya raba ta da B. Wancan kuwa sam babu sakamakonsa, alhali ya zauna jarrabawar har ya sa hannu a takardar halarta.

Kusan dukkansu da magana ɗaya za su buɗe baki: "Malam, a taimaka." Amma ba abu ɗaya ya kawo su ba. Akwai wanda yake zargin an yi kuskure a lissafinsa, yana so a duba. Akwai wanda ya san abin da ya rubuta shi aka ba shi, yana so a ƙara. Na farko haƙƙinsa yake nema. Na biyu yana neman malami ya ci amanar da aka ɗora masa. Abin da ya dame ni shi ne, a tarbiyyarmu mun juya lamarin: mai neman a duba shi ne ake yi wa kallon mara kunya, mai neman a ƙara kuwa, in dai ya iya durƙuso da gaisuwa, shi ne ɗan mutunci.

Abin da maki ɗaya ke iya yi

Bai kamata a raina damuwar waɗannan yara ba. A mafi yawan jami'o'in Nijeriya, 70 zuwa sama shi ne A mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai daraja 4, 50 zuwa 59 C mai daraja 3, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, abin da ya gaza 40 kuwa faɗuwa ce. A karatun likita da na gaba da digirin farko, galibi 50 ce matsallaka. Ana ninka darajar da nauyin kwas, a tara, a raba, a fitar da abin da ɗalibai ke kira sijipiye. Daga 4.50 digiri mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama. Daga 1.50 zuwa 2.39 ta uku.

A ce ɗaliba ta kammala da nauyin kwasa-kwasai 140, sijipiyenta 3.48. Da a ce 59 ɗinta a kwas mai nauyi 3 ya zama 60, za ta sami ƙarin 3 a jimilla, ta haura zuwa 3.50. Maki ɗaya tak ya sauya ajin digirinta har abada. Kuma ajin digiri ba ado ba ne. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa ba sa karɓar takardar wanda bai kai daraja ta biyu babba ba. Tallafin karatun digiri na biyu a ƙetare na asusun PTDF ma galibi haka yake nema. Shirin gwamnatin Kano na 2023 na tura ɗalibai 1,001 karatu waje, masu daraja ta ɗaya aka nema. Wanda kuwa ya faɗi kwas a zangon ƙarshe, kariyoba ɗaya, wato maimaita kwas ɗin, za ta iya zaunar da shi shekara guda, abokansa su tafi bautar ƙasa su bar shi. Don haka hawayen da ake zubarwa a barandar nan na gaske ne.

Malami ba shi kaɗai ke riƙe da alƙalami ba

Ɗalibai da yawa, har ma da iyayensu, suna ɗauka maki yana cikin aljihun malami, in ya ga dama ya zaro. Ba haka tsarin yake ba. Maki yana da hanyar da yake bi. Malami zai haɗa na tes da aikin gida, wanda galibi kashi 30 ne ko 40, da na jarrabawa, ya miƙa wa jami'in jarrabawa na sashe. Daga nan taron malaman sashe ya duba, na tsangaya ya duba, sannan majalisar malamai ta jami'a, wato Sanet, ta amince. A ajin ƙarshe har malami ake gayyato daga wata jami'a ya bi takardun ya ga ko an yi adalci. Da zarar Sanet ta sa albarka, malami ba shi da ikon goge lamba shi kaɗai. Sai ya rubuta dalili, ya haɗa da takardar amsa, ya bi ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, a sake kai maganar gaba. Wanda ya zo yana cewa "ai maki ɗaya ne kawai" bai san yana neman mutum ya sa hannu a takardar da za a iya tuhumarsa a kanta ba. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta sa taɓa makin ɗalibi ba bisa ƙa'ida ba cikin laifuka.

Amma kuskure yana faruwa, kuma malamai masu gaskiya su ne na farko wajen faɗin haka. Malami ɗaya na iya riƙe aji mai ɗalibai ɗaruruwa. A kwasa-kwasan bai-ɗaya da kowa ke ɗauka, adadin kan haura dubu. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'i da dama sun matse zangunan karatu don cike gurbi, aka bar malamai da tulin takardu da ɗan ƙanƙanin lokaci. A irin wannan yanayi ana tsallake shafi ba a duba ba. Ana tara 12 da 15 da 9 a rubuta 26. Ƙarin takardar amsa da aka ɗaure da zare takan kwance ta ɓace. Makin tes yakan maƙale a wani littafi bai shiga kwamfuta ba. Lambar rajista biyu masu kama da juna sukan yi musaya, Amina ta ɗauki makin Aminu. Waɗannan duka abubuwa ne da ake gyarawa, kuma ba wanda zai gano su in ɗalibin bai yi magana ba.

Inda kunya ke cutarwa

Mun taso a kan girmama malami, kuma ba na fatan mu rabu da wannan. Almajirin zaure yana zama ƙasa, ba ya haɗa ido da malaminsa, ba ya katse shi. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ya ware babi guda a kan girmama ilimi da ma'abotansa. Yaron da ya fito daga irin wannan gida, in aka ce ya je ya shaida wa farfesa cewa yana ganin an yi kuskure, ji yake kamar an ce ya ɗaga wa mahaifinsa murya. Sai ya haɗiye, ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya maimaita kwas ɗin da wataƙila ya ci.

Amma al'adar nan da ta koya mana girmama na gaba, ita ce ta koya mana cewa in liman ya yi tuntuɓe a karatun tarawihi, na bayansa ya ɗora masa ayar. Ba wanda ke kiran wannan fitsara, shi kansa liman godiya yake yi, domin gyaran don sallar kowa ne. Ɗalibin da ya zo cikin natsuwa ya ce a sake tara masa lissafi, yana shaida ne cewa ya yarda malaminsa mutum ne mai son gaskiya, wanda in ya ga kuskure zai gyara. Ban ga girmamawar da ta wuce wannan ba.

Sai ɗaya hanyar, wadda muka fi sabawa da ita: kamun ƙafa. Ɗalibi ba zai je da kansa ba. Zai gaya wa babansa, baban ya tuna yana da aboki darakta, daraktan ya kira shugaban tsangaya, ko a nemo wani malami ɗan garinsu a sashen maƙwabta ya leƙa ofis "gaisuwa". Wani lokacin kawu ne zai saka babbar riga ya je har gida bayan la'asar, a sha ruwa, a tambayi iyali, a yi addu'a, sannan a ce, "Dama yaron nan namu ne, a yi masa alfarma." Ba a ɗaga murya ba, ba a yi kalma mai kaushi ba. A ido, ladabi ya cika.

Amma a dubi halin da aka jefa malamin. An sa shi zaɓi tsakanin amanarsa da zumuncinsa. In ya ƙi, ya zama mai taurin kai, wanda boko ya ɓata, wanda ba ya ganin girman manya. Maganar za ta bi shi har wurin ɗaurin aure. In ya yarda, ya zalunci sauran yara goma da su ma suka tsaya a 59, waɗanda iyayensu manoma ne a ƙauye, ba su san kowa a jami'a ba. Kuma ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba, domin labarin malamin da ake iya lanƙwasawa ba ya kwana. Shi ma ɗalibin bai tsira ba: sunansa ya shiga bakin malaman sashe a matsayin wanda aka yi wa roƙo, kuma ko ya ci wani kwas da guminsa, za a riƙa ɗaga gira. Roƙon da aka naɗe da gaisuwa ya fi zagi nauyi a wurin malami mai mutunci, don zagi ana iya share shi, wannan kuwa sai an ɓata da wani.

Yadda ake shiga ofis

Wanda ya tabbata a ransa akwai kuskure, abu na farko shi ne kada ya je ranar da ya ga sakamakon. Zuciya tana tafasa a ranar, baki kuma ba ya da linzami. Ya kwana ɗaya ko biyu, ya zauna da takardar tambayoyi da littafinsa, ya tuna abin da ya rubuta, ya yi wa kansa hisabi na gaskiya. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, domin cika shafi huɗu da rubutu daban, amsa abin da aka tambaya daban. Malami yana bin jadawalin amsoshi ne da ya tsara tun kafin jarrabawa, ba tsawon rubutu yake aunawa ba. In bayan wannan hisabin har yanzu lissafi bai fita ba, misali ɗalibi yana riƙe da takardar tes mai 24 amma jimillarsa gaba ɗaya 27, to akwai abin tambaya. Kada kuma ya yi nawa. Gyara kafin sakamako ya kai Sanet aikin yini ɗaya ne. Bayan ya wuce, yana iya cin watanni.

Wurin maganar ofis ne, a lokacin aiki. Ba gida ba, ba harabar masallaci bayan an sallame ba, ba wurin ajiye motoci ba, ba kiran waya da ƙarfe goma na dare ba. Wanda ya tare malami a bakin masallaci ya hana shi damar cewa a'a cikin sirri, kuma ba takardun a hannunsa balle ya duba. A yi sallama, a gaisa gaisuwa mai kyau amma gajera, a faɗi suna da lambar rajista da kwas, don malamin da ke da ɗalibai ɗari biyar ba lallai ya san fuska ba. Sannan a faɗi buƙata a fili, kamar haka: "Ranka ya daɗe, na ga sakamakona 27. Ga takardar tes ɗina, na sami 24. Ina tunanin ko makin bai shiga ba ne. In da hali, ina roƙon a duba mini." Shi ke nan. Babu zargi a ciki, babu kuka, akwai hujja, kuma an bar wa malami ƙofar da zai gyara ba tare da ya ji kunya ba. In malama ce, haka dai: "Malama, Allah ya ƙara girma," sannan a tafi kai tsaye ga magana. Abin takaici ne yadda wasu samari ke shiga ofishin farfesa mace da sakin fuska da raini irin wanda ba za su taɓa gwada wa namiji ba.

Akwai maganganun da ke rushe buƙata tun kafin a gama ta. "Wallahi na yi karatu sosai" ba hujja ba ce, domin ba dare nawa aka raba ake ba maki ba. "Tare muka yi karatu da wane, shi ya sami A" ya fi muni: ya jawo aboki cikin rigima, wani lokacin ma ya sa a ɗauko takardun biyu a gwada ko satar amsa aka yi. "Duk ajin an kayar da mu" magana ce ta wakilin aji da shugaban sashe, ba ta mutum ɗaya ba. Hannu kuma ya zo wayam. Turare, yadi, katin waya, buhun shinkafa daga gonar baba: ko da zuciya ɗaya aka kawo, ranar neman gyaran maki sunansu cin hanci. Mai son yi wa malaminsa alheri ya jira sai ya karɓi takardar kammalawa.

Batun uzuri yana buƙatar tausayi, domin rayuwa ba ta jiran jadawalin jarrabawa. Akwai wadda ta haihu ana saura kwana uku a fara, akwai wanda aka yi wa rasuwa, akwai wanda hanyar garinsu ta rufe saboda 'yan bindiga, akwai wanda ke tuƙa Keke Napep da dare don ya biya kuɗin rajista. Malamai da yawa sun bi ta irin wannan hanya, kuma zuciyarsu ba dutse ba ce. Sai dai lokacin faɗin uzuri shi ne kafin jarrabawa, ko a cikinta, a rubuce, ta hannun kodinetan aji, tare da takardar asibitin makaranta in ciwo ne. A lokacin ana iya sake ba da tes, ana iya ɗage kwas ko zango gaba ɗaya ba tare da an rubuta faɗuwa ba. Bayan an gama komai, labari mai sosa rai ba ya sauya abin da ke cikin takardar amsa, sai dai ya bar malamin da nauyin zuciya a kan abin da ba shi da halin yi.

Su kuwa masu 39 da 49 da 59, yana da kyau su san cewa malamai da dama kan sake duba irin waɗannan takardu da kansu kafin su miƙa, wasu sassan kuma kan yanke shawara a taro a kan duk wanda ya tsaya a bakin iyaka. Wannan adalci ne, saboda ya shafi kowa, da wanda ya zo baranda da wanda bai zo ba. Abin da ba adalci ba shi ne a ɗaga mutum ɗaya don ya fi iya naci.

Ƙofar da ba a so a shiga

Akwai dalilin da ya sa nake nanata cewa a tsaya a kan "a duba", kuma dalilin ya wuce ladabi. Ba duk malami ne na kirki ba. Ɗalibai suna da sunan da suke kiran cinikin maki da kuɗi, "sotin", kuma sun san ofisoshin da ake yi. Mafi muni shi ne abin da ake nema daga 'yan mata. A Disambar 2018, babbar kotun tarayya da ke Osogbo ta yanke wa Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo ɗaurin shekara 2, bayan hukumar ICPC ta gurfanar da shi kan neman lalata da ɗalibarsa don ya sauya mata maki. Muryarsa da aka naɗa a waya ce ta tona shi. A Oktoban 2019, sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da rahoton da 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, wanda ya nuna malamai a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana suna neman 'yan jaridar da suka yi shigar ɗalibai. Kada wani ya ce wannan matsalar kudu ce. A nan Arewa shiru ya fi yawa ne kawai, domin yarinyar da ta yi magana ita ake fara tuhuma, wani lokacin ma a cire ta daga makarantar.

Laifin irin wannan na malamin ne ɗungurungum, babu kason ɗaliba a ciki. Amma mugun malami yana farautar wanda ya zo neman abin da ba shi da hujja a kai, don ya san ba zai iya kai ƙara ba. Mai takarda a hannu, mai rubutacciyar buƙata da kwafi a jaka, ya fi wuyar kamawa. Shi ya sa ɗaliba ta tafi da ƙawarta ko wakiliyar aji, a bar ƙofa a buɗe. Malamin kirki ma ya fi son haka, don kare kansa. Da zarar an ce "ki same ni a waje", ko "bari mu yi magana da yamma", maganar maki ta ƙare. A adana saƙonnin, a nufi shugaban sashe ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, a kuma gaya wa wani babba a gida.

In malami ya ce a'a

Yana iya dubawa ya ce lissafi daidai yake. A yi godiya, a roƙi ya nuna inda aka yi rauni, a fita. Wanda har yanzu bai gamsu ba, yawancin jami'o'i suna da hanyar neman a sake duba takarda a hukumance: a rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, a biya kuɗin da aka ƙayyade, a ba wani malami daban takardar, sau da yawa daga wata jami'ar. Sharuɗɗan suna cikin littafin jagoran ɗalibai da ake rabawa a shekarar farko, wanda kaɗan ne ke buɗe shi. Makin na iya hawa, yana iya sauka. Ladabi ne a sanar da malamin kafin a ɗauki wannan mataki, kada ya ji a bakin wani.

Ɗalibai na tsoron wannan hanya, suna cewa za a sa musu ido, kuma tsoron ba na banza ba ne. A nan nauyin ya koma kan jami'o'in. A yawancin makarantun da ke bin tsarin Faransa, inda ake auna maki a kan 20 kamar a Jamhuriyar Nijar, an saba ware 'yan kwanaki bayan liƙa sakamako don kowa ya shigar da ƙorafinsa a rubuce. Idan ƙorafi ya zama sashe na jadawali, ba wanda zai ɗauke shi a matsayin raini. Jami'o'inmu za su iya yin haka ba tare da kashe ko kwabo ba. Za su iya tilasta a mayar wa ɗalibai takardun tes, a liƙa makinsu kafin a shiga jarrabawa, don rabin rigimar daga nan take tasowa. Malamin da ke riƙe takardun tes har zango ya ƙare, shi ma yana da ladabin da ya bari.

Abu na ƙarshe da ɗalibai ke yawan tuntuɓe a kai: ko an yi alkawarin gyara, matuƙar allo yana nuna faɗuwa, a yi rajistar kwas ɗin a zango mai zuwa kafin a rufe shafin, a kuma shiga aji. In gyaran ya fito, cire kwas abu ne mai sauƙi. In bai fito ba, wanda ya zauna jiran "an ce za a duba" zai tarar a ajin ƙarshe cewa kwas ɗin shekarar farko na nan yana jiransa, kuma ba a ba da shi sai zango na gaba.